Irin Kabewar Gwaggo

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi, aka sallace ta a Haramin Makka bayan La'asar, maza suka wuce da ita maƙabartar Ma'ala. Mu mata muka zauna a tsakar gidanta da ke bakin unguwar Ka'akiyya, a kan sabuwar tabarmar da ba ta taɓa yarda a shimfiɗa wa baƙo ba.

Na halarci zaman makoki da yawa a garin nan, ban taɓa ganin mai ƙarancin hawaye kamar wannan ba. Mata suna shigowa, su durƙusa, su ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Daga bayana na ji wata ta amsa ƙasa-ƙasa, "Mu ma ya sa mun huta." Ba wanda ya tsawata mata. Wata Balarabiya daga manyan gidajen unguwar Zahir ta zo a mota, ita kam ta yi kuka sosai, amma da ta share ido sai ta riƙe hannuna ta ce, "Ya binti, yanzu wa zai sassaƙa mana dubba a bikin 'yata?" Maƙwabciyarmu tsohuwa, mutuniyar Sakkwato, ta taho da finjalinta na shan gahawa a ƙulle a bakin mayafi, domin shekarun baya Gwaggo ta taɓa gaya mata a gaban mutane cewa leɓenta na cinye bakin finjali.

Ita ce ta fara matsowa kusa da kunnena.

"Ɗiyata, kina wurin da ta cika?"

"Ina wurin, Inna."

"To, ta yafe miki kuwa?"

Kafin a yi Magariba mata biyar sun yi mini wannan tambayar, kowace tana rage murya kamar ita kaɗai ta san zancen. Unguwa duka ta san shekara goma ina bin Gwaggo da roƙon gafara tana juya mini ƙeya. Amsar da na kasa ba su a kan tabarma ita nake rubutawa a nan, don kada a manta da matar, kuma don kada a shafa mata zumar da ba ta taɓa sha ba.

Yayar mahaifina ce. Ita ta riƙe ni tun ina wata bakwai, bayan rasuwar mahaifiyata. A cikin ƙananan littattafan soyayya na Masar da yayana ke sayo mini daga masu baza takardu kusa da Harami, duk marainiya tana da wata gwaggo mai taushin hannu da ke taje mata kai tana share mata hawaye. Tawa hannunta kamar bayan kasko yake, kuma ban taɓa jin sa a kaina ba sai da ranƙwashi.

Sana'arta sassaƙar kabewa, wadda mutanen garin nan ke kira dubba. Idan za a yi biki a gidan masu hali sai a aiko mata. Ta zauna a bayan madafa da 'yar wuƙarta mai ƙotar ƙaho, ta fere kabewa, ta fitar da furanni da taurari da jinjirin wata, a jiƙa su a ruwan farar ƙasa su yi ƙarfi, a dafa da sukari har su yi sheƙi. Na rantse ban taɓa ganin abu mai kyau ya fito daga hannun mutum mai ɗacin rai haka ba. Wardin da take sassaƙawa, sai ka ji kamar ka kai hanci.

Sharaɗinta ɗaya a kowane gida, kuma tun daga bakin ƙofa take faɗinsa: "Kayan cikin nawa ne." Matan Larabawa su yi dariya, su ce ta kwashe, dama zubarwa za a yi. Haka za ta dawo da yamma da garwa a ka, cike da zare-zaren tsakiyar kabewa da 'ya'yanta da ɓawo da duk gutsuren da ya faɗo daga bakin wuƙa.

A wannan garwar na girma. Zare-zaren da gutsattsarin su ne miyar taushenmu. Abin da ya ragu ta baza shi a kan rufin kwano ya bushe, ta daka, ta ajiye saboda watan da babu biki. Ɓawo na akuya ne. 'Ya'yan kuwa a wanke, a jiƙa a ruwan gishiri, a shanya, a soya a kasko su zama fusfus, a kasa a faifai a ƙofar gida. Ko ruwan da aka wanke su ba ya taɓa ƙasar banza.

Wata rana ƙwaya ɗaya ta sulluɓe mini ta faɗa cikin yashi.

"Duba ƙasa," in ji ta.

"Gwaggo, ƙwaya ɗaya ce fa."

"Ke kika yi ta? Yi mini ɗaya in gani."

Sai da na tankaɗe yashin tsakar gida da rariya, rana tana dukan ƙeyata, ita tana zaune a inuwa tana wasa wuƙa.

Akwai kuma zancen littafina. Ta tarar da ni ina karatu, hawaye na zuba, saura shafi kaɗan in san ko saurayin zai dawo daga teku. Ta karɓa, ta juya shi sama da ƙasa.

"Karatun Allah ne?"

Na ce a'a.

"Akwai aya a ciki?"

Na ce babu.

"To, takarda ce."

Ta fara yagewa daga baya, ta naɗe fusfus da shi. Ƙarshen labarina ya bi yaran unguwa ƙunshi-ƙunshi. Har yau ban san ko ya dawo ba, kuma har yau nakan yi tunaninsa idan na ga jirgin ruwa a Jidda.

Ba zan ɓoye alherinta ba, ko da yake shi ma da ƙaya ya zo. A shekarun babban yaƙin Turawa, da alhazai suka yi ƙaranci, aiki ya tsaya, yunwa ta shiga lungunmu, garin kabewar nan da ta yi shekaru tana tarawa muna yi mata dariya shi ya riƙe gida bakwai. Kullum da Azahar ta ɗora babbar tukunya. Amma ba wanda ya karɓi ludayi ɗaya ba tare da baƙar magana ba. "Ke ce kika ce gidana na warin akuya? Miƙo kwanon." "Kai, ƙaton banza, ina naman da kake yi mana alfahari da shi? Miƙo kwanon." Mutane suka rayu da miyarta, suka kuma tsane ta saboda ita. Rabin matan da suka zauna a kan tabarmar makokin nan, da ludayin Gwaggo suka tsallake waccan shekarar.

A bayan ɗakinta akwai wani ɗan fili da bai fi shimfiɗar buzu biyu ba, ta kewaye shi da ƙaya da tsofaffin garewani. A nan take shuka kabewarta ta kanta, duk shekara idan zafi ya karye. A garin da mai ruwa ke kawo garwa biyu a yi ta lallaɓawa har gobe, Gwaggo a cikin tasa take alwala, sau biyar a rana ta ɗauki tasar ta kai bayan ɗaki. Kabewar ba irin ta kasuwar nan ba ce. Doguwar wuya gare ta, koriya mai ɗigon fari, kuma ba ta wuce 'ya'ya biyu. Ranar da za ta fasa ta, ita kaɗai take zama. Ƙwayoyin ba ta sa musu gishiri. A inuwa take shanya su, ta zuba a wata 'yar gora mai toka, ta toshe, ta rataye a saman gadonta.

"Kada ki taɓa wannan."

Iyakar abin da ta taɓa gaya mini ke nan. Ba dalili, ba labari. Matar da ta hana ni taɓa tabarma, ta hana ni taɓa finjali, ta hana ni taɓa madubi, ta yaya zan san wannan hanin ya bambanta da sauran? Ni a Makka aka haife ni. Ban taɓa ganin gona ba. Dutse na sani, da yashi, da kasuwa. A ganina rowa ce kawai, ta ware manya-manya ta ɓoye wa bakinta.

Ina da shekara goma sha takwas, bayan yaƙi ya ƙare, wani direban lori mai jigilar alhazai tsakanin Jidda da Makka ya fara tsayawa a bakin lungunmu. Dogo ne, idanunsa kamar an zuba musu kwalli tun daga haihuwa, idan ya yi murmushi sai in ji kamar an buɗe taga a cikin ƙirjina. Duk safiyar da Gwaggo ta tafi aiki ni ke tsaron faifai. Ya zo ya tsaya, ya ce, "Ya bint, ba ni ƙunshi ɗaya," ni kuwa in wuni ina juya kalmomin nan shida ina nemo musu ma'anar da ba su da ita.

A littattafaina, yarinya takan ba masoyinta wani abu da ta yi da hannunta, a ƙulle cikin ƙyalle mai ƙamshi. Ni ba ni da komai. Fusfus ɗin faifai na kowa ne, ba a ba masoyi abin da kowa ke saye. Sai idona ya sauka a kan gorar nan.

Na sauko da ita. Na wanke tokar, ƙwayoyin suka fito farare, faffaɗa, kamar haƙoran amarya. Na jiƙa su duka a ruwan gishiri, don zuciyata ta ce ba a yi wa so rabin aiki. Na soya su a hankali, wuta kaɗan, ko launi ba su canja ba. Na zaɓi mafi kyau na ƙulle a ƙyallen da na yi wa ado da jan zare. Sauran na murza su cikin toka, na mayar a gora, na rataye yadda na same ta. Na ma yaba wa kaina da ban kwashe duka ba. Wallahi, Allah shi ne shaidata, ban san ƙwayar da ta ga wuta ba ta ƙara tsirowa ba.

Washegari na miƙa masa. Ya kwance, ya jefa biyu a baki, ya tofar da ɓawon a gefen faifaina.

"Gishiri ya ɗan yi yawa," in ji shi. Ya share wuyansa da ƙyallen, ya hau lorinsa. Bayan aikin Hajjin shekarar ban sake ganinsa ba.

Da zafi ya karye Gwaggo ta yi shuka. Kwana goma tana kai tasa, ƙasa shiru. Ta ce ƙasar ce ta gaji. Ta kwashe ta, ta yi takakkiya har gindin dutse ta ɗebo sabuwa a ka, ta haɗa da kashin akuya, ta sake shukawa. Ta fara rage ruwan shanta tana ƙarawa a tasa. Na gan ta da hantsi a tsugune bakin ƙayar tana magana da ƙasa a hankali, da wata murya da ban taɓa sanin tana da ita ba. Ina kallo, ko a raina ban kawo cewa ni ce ba.

Al'adarta ce ta rage ƙwaya uku a gora kowace shekara. Ranar wata Juma'a, ana shirin tafiya masallaci, ta zazzage ukun a tafin hannunta, ta hure tokar, ta kai ɗaya kusa da idonta da ya fara rauni. Sannan ta sa a baki ta ciza. Daga inda nake na ji ƙarar.

Ta daɗe tana tsotsar harshenta. Ta juyo ta dube ni.

"Gishiri," ta ce.

Na faɗa mata komai, har da ƙyallen. Na jira duka. Na jira zagi. Da ta kama ni da muciya ranar, da yanzu mun manta. Sai kawai ta mayar da biyun cikin gora, ta toshe, ta rataye. Ta fita bayan ɗaki ta tumɓuke ƙayar da hannunta, jini na bin yatsunta.

Baba ne ya ba ni labarin da yamma, kansa a sunkuye, domin shi ma tsoronta yake ji tun suna yara. Daga gonar mijinta a ƙasar Katsina ta ɗebo irin, ranar da suka fito Hajji a ƙafa, ita da mijin da 'ya'yansu biyu da Baba yana saurayi. Shekara bakwai suka yi a hanya. Inda damina ta riske su nan suke tsayawa su yi noma su tara guzuri, kuma duk inda suka tsaya sai ta shuka kabewar ta ɗebi sabon iri. Babban ɗanta ya rasu a ƙasar Wadai. Mijin a Darfur. Ƙaramar, mace, a bakin teku suna jiran jirgi. Ba kabarin da ta san inda yake a yau. Abin da ya iso Makka tare da ita daga gidan aurenta, gorar nan ce kaɗai.

Na yi kuka har muryata ta dishe. Amma bari in faɗi abin da ke raina, ko da za a ce ba a faɗa wa mamaci haka. Me ya hana ta gaya mini? Shekara goma sha takwas muna kwana ɗaki ɗaya. Numfashi uku ya isa ta ba ni labarin nan. Ta gwammace ta ce "kada ki taɓa" kamar tana korar kaza. Ni na kunna wutar, ban musa ba. Amma shirunta ne ya miƙo mini ashana.

Tun daga ranar ba ta sake kiran sunana ba. Mai Gishiri, shi ke nan, a gaban baƙo, a gaban dangi, har ranar ɗaurin aurena da wani tela mai haƙuri. Kowace Sallah in je in durƙusa. "Gwaggo, ki yafe mini." Ta dubi bango ta ce, "Wani ya ji motsi?" Baba ya roƙe ta har ya koma ga Allah. Limamin unguwa ya zo da kansa, ta ba shi gahawa rabin finjali, ta ce, "Malam, haƙƙina ne ko naka?"

Da na haifi 'yata, mijina ya sa mata sunan Gwaggo ko za ta sauko. Aka kai mata albishir, ta ce, "An ɓata suna." Amma da sassafe sai ga ta da itace a ka. Kwana arba'in tana dafa ruwa tana yi mini wankan jego, a garin da ruwa da itace duk sai an sha wuya. Tana watsa mini ruwan zafi da ganye tana cewa, "Juya, Mai Gishiri." Ranar arba'in ta naɗe zanenta ta tafi ba sallama. Ku gaya mini, yaya ake yi da mutum irin wannan?

Da jiragen sama suka fara kawo alhazai daga Kano, na shiga bin masaukinsu ina tambayar mutanen Katsina. A Muzdalifa na haɗu da wata dattijuwa muna tsintar tsakuwa, na kwatanta mata kabewar, doguwar wuya, ɗigon fari. Ta yi alkawari, kuma ta cika. Shekara na zagayowa wani alhaji ya kawo mini ƙulli. Na tafi da shi kamar mai ɗauke da wasiƙar masoyi, ina tsara yadda za ta rungume ni, yadda hawayenmu za su haɗu. Ta kwance, ta shinshina, ta zuba a ruwan gishiri a gabana. Washegari suna kan faifai.

"Na kasuwa ne," in ji ta. "Nawa ya san hanya."

Bana, shekarar da aka fara rushe gidajen da ke kewaye da Harami don a faɗaɗa shi, ciwo ya kwantar da ita. Ni na yi jinyarta, don ba wanda zai iya. Ranar Litinin bayan Azahar na ga numfashinta ya canja. Na durƙusa a bakin gado, ƙarƙashin gorar.

"Gwaggo, don girman Ɗakin Allah da muke maƙwabtaka da shi, ki yafe mini."

"Wace ce?"

"Kin san ko wace ce."

"Mai Gishiri." Can ta ce, "Ke da kike da karatu. Gaskiya ne wanda aka ci wa haƙƙi sai an tsayar da shi da wanda ya ci, fuska da fuska, ranar hisabi?"

"Haka malamai suka ce."

"A yi ta tambaya, a yi ta bincike?"

"Haka ne, Gwaggo."

Ta ja tsaki. "Ba ni da wannan lokacin. Na gaji da kallon fuskarki a nan, ba zan je can in sake ba. Na yafe. Akwai mutum uku da nake sauri in tarar." Ta motsa ƙafa. "Ɗaga, kin danne mini zane."

Wannan ita ce amsar, Inna, da ke da sauran masu tambaya. Ta yafe. Ba don ni ba. Kuma ba ta kira sunana ba.

Ranar sadakar uku, bayan shinkafa da waken hummus da mutanen garin nan ke yi wa makoki, na ce a ɗora taushe. Aka fasa kabewa biyu na kasuwa. Ina cikin ɗaki sai na hangi wata baƙuwa ta ɗauki tasar kayan cikin ta nufi juji. Ban san sanda na fito ba.

"Wa ya ce ki zubar? Kawo nan!"

Tsohuwar Sakkwato ta ajiye finjalinta ta ce, "La ilaha illallahu. Ba ta tafi ba."

Na zauna na wanke ƙwayoyin. Na ware bakwai, ban sa musu gishiri ba, na shanya a inuwa. Da suka bushe na sauko da gorar. 'Yata, takwararta, ta miƙo hannu, sai na ji kalmomin nan uku, "kada ki taɓa," sun taso mini har bakin leɓe. Na haɗiye su. Na zaunar da ita a cinyata, na ba ta labarin tun daga gonar Katsina har bakin teku, har direban, har kaskon. Ban rage komai ba.

Muka zazzage tokar. Biyun nan suna nan, shekara goma, farare kamar jiya.

"Umma, waɗannan fa? Mu shuka su?"

"Su ba sa fitowa."

"To mu cinye."

"A'a. Mayar da su."

Ta mayar, na zuba bakwai ɗin a kansu, na toshe.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya sauƙaƙa mata tsayuwa, ya gaggauta sada ta da mutanenta uku. Ni ma na yafe mata ranƙwashi da rariya, na yafe mata ƙarshen littafina. Sunana da ta riƙe shekara goma ta tafi da shi kabari, shi ne har yanzu nake fama. Wanda ya karanta wannan ya yi mata addu'a, in ya gama ya taya ni da tawa.